Ba kowace tafiya ce "walk" ba: darasi daga 'yan Filifin masu koyon Turanci

Ga wata jimlar Turanci da ɗan aji uku na firamare ma zai iya fassarawa: "He walked out of the court." Ya fito daga kotu, shi ke nan. To yanzu a cire "walked" a sa "swaggered". Nan take mutumin ya koma mai girman kai, wanda ko a jikinsa game da abin da alƙali ya faɗa. A sa "staggered", sai ka fara tunanin ko hukuncin ne ya gigita shi, ko kuwa ya sha wani abu. A sa "stormed", ka san a fusace ya fito. In kuma aka sa "slunk", kunya ce ta ishe shi, ya fice sum-sum ba ya son haɗa ido da kowa. Kotun tana nan yadda take, mutumin ma shi ne dai. Kalma ɗaya aka taɓa, labarin ya zama kala biyar.

Nan ne Turanci ke kayar da masu koyonsa, har da waɗanda suka yi nisa. A littafinta na 1993 kan rabe-raben aikatau na Turanci, masaniyar harshe Beth Levin ta jero kalmomi sama da ɗari a rukunin da ke nuna salon tafiya da gudu. Shi kuwa mai koyo sau da yawa da biyu kacal yake rayuwa, "walk" da "run".

'Yan Filifin masu magana da harshen Tagalog misali ne mai kyau a wannan batu. Su ba baƙin Turanci ba ne, da shi suke karatu, da shi miliyoyinsu ke neman abinci. Amma da an zo maganar tafiya, harshensu da Turanci sai su raba hanya. Abin da zai ba ka sha'awa shi ne, hanyar da Tagalog ya bi, kusan ita Hausa ta bi. Saboda haka duk inda suka yi tuntuɓe, mu ma mu duba ƙafarmu.

Yadda Turanci ya zauna a Filifin

Filifin tarin tsibirai ce sama da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya. Ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutum kimanin miliyan 109, masu harsuna fiye da ɗari. Sifaniya ta mulke ta sama da shekara 300, sannan a 1898, bayan ta sha kaye a yaƙi, ta miƙa ta ga Amurka a kan dala miliyan 20. Amurkawa ba su ɓata lokaci ba. A watan Agustan 1901 wani jirgin ruwa mai suna Thomas ya sauke malamai sama da 500 a Manila, aka rarraba su makarantun gwamnati suna koyarwa da Turanci. Har yau da sunan jirgin ake tuna su, ana ce musu Thomasites.

A 1937 Shugaba Manuel Quezon ya ayyana Tagalog, harshen Manila da kewayenta, a matsayin tushen harshen ƙasa, wanda yanzu ake kira Filipino. Kundin tsarin mulkin 1987 kuma ya sa Filipino da Turanci su ne harsunan hukuma. Shi ya sa matashi a Manila zai fara jimla da Tagalog ya ƙarasa da Turanci. Su suna kiran abin Taglish, mu kuma namu na WhatsApp muna ce masa Ingausa.

Turanci a can jari ne sosai. Sama da mutum miliyan ɗaya ke aiki a cibiyoyin amsa kiran waya da sauran ayyukan ofis da kamfanonin waje ke bayarwa kwangila. Ma'aikatan jinyarsu sun cika asibitocin Amurka da Birtaniya da Saudiyya, matasansu na aiki a jiragen ruwan duniya, wasu kuma daga ɗakinsu suke koyar da 'yan Japan da Koriya Turanci ta intanet. Ga mai irin wannan aiki, sanin bambancin "limp" da "stagger" magana ce ta tuwo.

Inda kowane harshe ke ajiye salon tafiya

Tushen kalmar tafiya a Tagalog shi ne "lakad". Daga shi ake samun "naglakad", ya yi tafiya, da "naglalakad", yana tafiya, da "maglalakad", zai yi tafiya. In ɗan Filifin ya ce maka "May lakad ako", yana nufin yana da wurin zuwa, kamar ka ce zan je unguwa.

To in ana son a nuna yadda aka yi tafiyar fa? A nan Tagalog bai cika canja aikatau ɗin ba. Sai ya ajiye wata kalma a gefensa, kuma galibi kalmar mai ninki ce: "paika-ika", wato da ɗingishi, "pasuray-suray", da tangaɗi, "dahan-dahan", a hankali, "pagala-gala", ana gantali. Ko kuma ya ninka tushen kansa ya ce "maglakad-lakad", a ɗan taka a sha iska. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai ce ai nan gida ne. Mu ma haka muke yi: ya shigo saɗaf-saɗaf, ya taho tinƙis-tinƙis, tana tafe ɗagwas-ɗagwas, ga shi nan buguzum-buguzum.

A 1985 wani masanin harshe Ba'amurke, Leonard Talmy, ya yi bayanin da ya warware wannan ƙulli. Ya nuna cewa wasu harsunan, irin su Sifaniyanci, suna sa inda aka nufa ne a cikin aikatau, sai salon tafiyar ya zama ƙari, in an ga dama a faɗa, in ba a ga dama ba a bari. Tagalog da Hausa nan suka fi karkata. Muna da shiga, fita, hau, sauka, tsallaka. Su kuma suna da "pumasok", "lumabas", "umakyat", "bumaba", "tumawid". Turanci akasin haka yake yi. Salon tafiyar shi yake cusawa cikin aikatau, inda aka nufa kuma ya bar wa 'yan ƙananan kalmomi irin su "in", "out", "up", "down" da "across".

Ga misali a fili. Bature zai ce: "She limped into the room." Ɗan Tagalog zai ce: "Paika-ika siyang pumasok sa kuwarto." Bahaushe kuma: ta shiga ɗaki tana ɗingishi. A wajen mu da su, shiga ɗin ne babban aiki, ɗingishin ɗan rakiya ne. A wajen Bature ɗingishin ne ya hau kujerar gaba.

Wani masanin, Dan Slobin na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, shi da abokan aikinsa sun gwada abin a aikace. Sun ɗauki wani littafin yara na Mercer Mayer da ya fito a 1969, labarin yaro da karensa suna neman kwaɗon da ya gudu, hotuna zalla babu rubutu. Suka ba masu harsuna daban-daban su ba da labarin da bakinsu. Masu Turanci suka yi ta zubo kalmomin salon motsi kala-kala, masu Sifaniyanci kuma suka fi mayar da hankali kan ya shiga, ya fita, ya faɗi. Babu wanda ya fi wani basira a cikinsu. Kowa harshensa ne ya saba masa da abin da zai fara lura da shi.

Shi ya sa ɗalibi a Manila, ko a Kano, zai rubuta: "She entered the room walking slowly because her leg was painful." Babu kuskuren nahawu a ciki, amma ya yi dogon zagaye kan abin da "limped" kaɗai ta isa ta ɗauka.

Masu shan iska da masu gantali

Kalmomin sun fi sauƙin riƙewa in aka bi su dangi-dangi. Dangin farko su ne na wanda ba ya sauri.

"Stroll" tafiyar nishaɗi ce, irin ta iyalan da ke zagaya filin shaƙatawa na Luneta a Manila ranar Lahadi da yamma. Da Tagalog "mamasyal" ake cewa, kalmar da suka aro daga "pasear" ta Sifaniyanci. "Amble" ma kusan haka take, a hankali babu damuwa, kuma asalinta ɗaya da "ambulance", daga kalmar Latin mai nufin tafiya. "Saunter" kuwa akwai ɗan yaji a cikinta. Ita ce tafiyar ɗalibin da ya makara da minti talatin amma ya shigo aji hannu a aljihu kamar shi ake jira.

"Wander" da "roam" tafiya ce ba inda aka nufa. Wani lokaci abin sha'awa ne, kamar ɗan yawon buɗe ido a tsohon gari, wani lokaci kuma gararamba ce. Daga nan taki ɗaya ne zuwa "loiter", wato tsayawa ko kai-komo a wuri ba gaira ba dalili. Ita wannan kalmar 'yan sanda ce, tana ɗauke da zargi. 'Yan Filifin sun san nauyinta. Suna da kalmar "tambay", wadda suka ƙera daga "stand by" ta Turanci, tana nufin matashi mai zaman kashe wando a bakin titi. A watan Yunin 2018 Shugaba Rodrigo Duterte ya umarci 'yan sanda su matsa wa masu tambay, kuma cikin 'yan makonni aka kwashi dubban mutane a Manila. Saurayin da wani zai ce yana strolling a unguwarsu, a rahoton ɗan sanda loitering yake yi, kuma bambancin kalmomin biyu na iya zama kwana a caji ofis.

Masu ji da kai da masu fushi

"Stride" manyan taku ne na wanda ya san inda za shi. "March" maci ne na soja ko na masu zanga-zanga, Tagalog ma "martsa" yake cewa. "Pace" safa da marwa ce, irin ta magidancin da matarsa ke ɗakin haihuwa. "Stomp" buga ƙafa ne da ƙarfi, "storm out" kuma shi ne ta fita fuu. Tagalog yana da kalma mai daɗi a nan, "padabog", wadda duk uwar da ta taɓa aiken ɗanta yana tsakiyar wasa ta san ma'anarta.

"Strut" tafiyar taƙama ce, ƙirji a gaba kamar zakara a tsakar gida. "Swagger" ita ce ta ƙasaita da isa, kuma daga ita ne "swag" ɗin da matasa ke yayi ya samo wannan ma'anar. "Sashay" rangwaɗa ce, ko "kembot" a bakin 'yan Filifin. Su kam sun ɗauki wannan dangin da muhimmanci, domin ƙasa ce mai son gasar sarauniyar kyau, har suna suke raɗa wa takun 'yan takararsu. Lokacin da Catriona Gray ta lashe gasar Miss Universe a Bangkok a 2018, takunta da aka kira "lava walk" ya karaɗe shafukan sada zumunta kamar wutar daji.

Abin lura shi ne, ban da "stride" da "march", yawancin kalmomin nan ba yabo ba ne. In ka rubuta cewa malaminku "strutted into the hall", ka ce masa mai girman kai ne, ko da ba haka ka nufa ba.

Masu gajiya da masu ratsa ruwa

"Trudge" ita ce tinƙis-tinƙis ta wanda ya gaji kuma hanya ta ƙi ƙarewa. "Plod" taku ne masu nauyi, ɗaya bayan ɗaya, ba sauri ba tsayawa. "Shuffle" jan ƙafa ne ba a ɗaga ta daga ƙasa. "Lumber" buguzum-buguzum ce ta ƙaton mutum ko giwa. "Trek" kuma doguwar tafiya ce mai wuya, Turanci ya aro ta daga harshen Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan. Mu a Najeriya mun rage mata nauyi, ko daga hostel zuwa aji ne sai ka ji an ce an yi trekking. Bature in ya ji haka, zai zaci daji ka keta.

Tarihin Filifin kansa yana koyar da wannan dangin. A watan Afrilun 1942 sojojin Japan suka tasa dubun-dubatar fursunonin yaƙi, 'yan Filifin da Amurkawa, a gaba daga yankin Bataan, tafiyar kusan kilomita 100 a ƙasa cikin rana da yunwa da ƙishirwa. Dubbai suka mutu a hanya. Sunan da tarihi ya ba abin shi ne Bataan Death March. Amma duk wanda zai ba da labarin mutanen da gaskiya, ba zai ce maci suke yi ba. "Trudged" zai ce, da "staggered", da "stumbled". Sunan yana nuna umarnin masu bindiga ne, waɗannan kalmomin kuma halin da masu tafiyar ke ciki.

Sai "wade", tafiya a cikin ruwan da ya kai gwiwa ko ƙugu. Ranar 20 ga Oktoban 1944 Janar Douglas MacArthur ya dawo Filifin da sojojin Amurka, aka ɗauki hotonsa yana ratsa ruwa zuwa gaɓar tsibirin Leyte. Har yau a garin Palo akwai mutum-mutuminsa da na 'yan rakiyarsa tsaye a cikin ruwa, kuma "waded ashore" ake rubutawa a ƙarƙashin hoton. Ga talakan Manila kuwa kalmar ta yau da kullum ce. Kimanin mahaukaciyar guguwa 20 ke shiga yankin ƙasar a kowace shekara, tituna su cika maƙil, hukumomin lafiya su yi ta gargaɗi kan "wading" a ruwan ambaliya saboda cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera. Da Tagalog "lumusong sa baha" suke cewa.

Inda kalma ke iya taɓa rai

Dangin da ya fi kowanne haɗari shi ne na masu ciwo. "Limp" ɗingishi ne, ƙafa ɗaya ce ke da matsala. "Hobble" tafiya ce da ƙyar saboda zafi, irin ta mai ƙaya a tafin ƙafa ko tsohon da gwiwa ta ci. "Stagger" tangaɗi ne, jiki gaba ɗaya ya rasa daidaito. "Stumble" tuntuɓe ne. "Totter" tangal-tangal ce ta wanda ke shirin faɗuwa. "Waddle" tafiyar agwagwa. "Toddle" kuma tatata ce ta yaro mai koyon tafiya, daga nan aka samu "toddler".

Yanzu ka ɗauki ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin a wani asibiti a Ingila, tana rubuta wa likita abin da ta gani da dare. In ta rubuta mara lafiya yana "limping", likita ƙafa zai fara dubawa. In ta rubuta "staggering", tunaninsa zai tafi kan ƙwaƙwalwa, ko kunnen ciki, ko maganin da ya yi masa ƙarfi, ko farkon shanyewar ɓarin jiki. In ta ce "shuffling", wato gajerun taku ana jan ƙafa, wannan na cikin sanannun alamomin cutar Parkinson mai sa karkarwa. A gidajen kula da tsofaffi kuma, "wandering" kalmar aiki ce da ke nufin mai gigin tsufa ya kama hanya bai san inda za shi ba, kuma dole a sa masa ido. In ta tattara duka waɗannan ta rubuta "walking with difficulty", ba ta yi ƙarya ba, amma ta zubar da bayanin da likita ke buƙata. Ɗalibanmu masu karatun jinya da ke shirin jarrabawar IELTS ko OET don fita waje, wannan magana da ku ake.

Masu sanɗa

Dangi na ƙarshe na masu ɓoye motsinsu ne, kuma a jere suke daga mai kyakkyawar niyya zuwa mai mugunta. "Tiptoe" tafiya ce a kan 'yan yatsun ƙafa, kamar uwar da ba ta son tada jariri, Tagalog na cewa "patingkayad". "Creep" sanɗa ce a hankali. "Sneak" akwai rashin gaskiya a ciki, ita ce ta saurayin da ya dawo gida ƙarfe ɗayan dare yana lallaɓawa kada Baba ya ji. "Slink" ta mai jin kunya ce ko mara gaskiya. "Prowl" kuwa ta damisa ce mai neman nama, ko ɓarawon da ke zagaya unguwa. Duka biyar ɗin ana iya fassara su da "dahan-dahan", ko a hankali a Hausa, kuma nan ne matsalar take. Fassarar ta nuna sautin takun amma ta ɓoye niyyar mai takun.

Kalmar tafiya hukunci ce

Abin da ake koya mana a sashen aikin jarida shi ne, ka faɗi abin da ka gani, ka bar mai karatu ya yanke hukunci. Kalmomin nan kuwa da hukuncinsu suke zuwa a goye. A watan Fabrairun 1986 jama'a suka cika babban titin EDSA na Manila har Shugaba Ferdinand Marcos ya bar ƙasar zuwa Hawaii. Ɗan jaridar da ya rubuta cewa mutane "marched" ya ba su tsari da manufa. Da wani zai rubuta "roamed", ya mayar da su 'yan gantali. Da zai ce "swarmed", ya kamanta su da ƙwari ke nan. Mai karatu ba zai lura an tura shi wani ɓangare ba, zai ɗauka labari kawai ya karanta.

Kuma wannan bai tsaya kan masu katin aikin jarida ba. Duk wanda ke ɗora bidiyo a TikTok ko Facebook ya rubuta layi ɗaya a ƙarƙashinsa, editan kansa ne. In wani ɗan siyasa ya tashi daga taro kafin a gama, "left" labari ne, "stormed out" zargi ne, kuma sai in ka ga fushin da idonka za ka iya kare shi. Mu masu karanta irin waɗannan rubuce-rubuce ma ya kamata mu riƙa tambaya: bidiyon ne ya nuna haka, ko mai rubutun ne ya ƙara gishiri?

Tarkon furuci da na nahawu

Akwai wasu ƙananan ramuka da mu da 'yan Filifin muke faɗawa tare. Na farko, kalmomin nan da yawa da baƙaƙe biyu ko uku a jere suke farawa: stroll, stride, strut, stagger, stumble, stomp. Bakin ɗan Tagalog ya saba sa wasali a gaban irin wannan, shi ya sa "stand by" ta fara zama "istambay" kafin a gajarce ta. Bakin Bahaushe kuma a tsakiya yake cusa wasalin, kamar yadda muka samu sitiyari da burodi. Na biyu, asalin Tagalog ba shi da sautin "f", shi ya sa suke kiran ƙasarsu Pilipinas. Mu ma "f" da "p" sun daɗe suna ba mu wahala. Don haka "shuffle" da "limp" sai an kula.

Na uku, "wander" da "wonder" harafi ɗaya ya raba su, ɗaya yawo, ɗaya mamaki ko tunani. Na huɗu, wasunsu ba sa karɓar "-ed" a shuɗaɗɗen lokaci: "stride" ta koma "strode", "creep" ta koma "crept", "slink" ta koma "slunk". "Sneak" kuma biyu gare ta, "sneaked" da "snuck" wadda Amurkawa suka fi so. Na biyar, kar a manta da ƙaramar kalmar da ke nuna inda aka nufa. "He staggered" tangaɗi kawai ya yi a inda yake. Sai ka ƙara "out", ko "across the road", ko "into the shop", sannan tafiyar ta samu alƙibla.

To yaya za a koya?

Haddar jerin kalmomi da fassara a gabansu ba ta kai mutum ko'ina, domin rabin jerin "tafiya a hankali" zai ce maka. Abin da ya fi shi ne ka fara daga harshenka. Ɗan Tagalog ya riga ya san hoton "pasuray-suray" tun yana yaro, kai ma ka san hoton tangaɗi. Aikin da ya rage shi ne ka liƙa wa hoton kalmar "stagger". Wanda ke jin harshensa talaka ne saboda ba shi da kalma ɗari ta tafiya, bai ƙirga dukiyarsa daidai ba. Nemo kalmar Turanci ɗaya tak da za ta ɗauki ɗagwas-ɗagwas da duk abin da ke cikinta, ka ga yadda za ka sha wuya.

Duk sabuwar kalmar da ka haɗu da ita, yi mata tambaya huɗu. Da sauri ne ko a hankali? Mai tafiyar lafiyarsa ƙalau, ko ya gaji, ko yana ciwo? Yana da inda ya nufa? Sannan babbar tambayar: mai maganar yabonsa yake yi, ko tausayinsa yake ji, ko zarginsa yake yi? Ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman ko Cambridge, duk suna nan kyauta a intanet, kuma jimlolin misalin da ke ciki sun fi ma'anar kanta amfani.

Wata dabarar kuma a wayarka take. Ɗauki minti biyu na kowane fim, ko na Kannywood ne ko irin masu dogon zangon nan na Filifin da ake nunawa a tashoshin tauraron ɗan'adam, ka kashe sautin. Duk wanda ya shigo ko ya fita, ba shi aikatau ɗaya na Turanci, kuma ka hana kanka amfani da "walk".

Sai dai a yi hattara da zuzutawa. Akwai ɗaliban da in sun gano waɗannan kalmomi sai su yi ta barbaɗa su a rubutun WAEC don burge mai maki, har ka ga an rubuta masu makoki "strutted" zuwa maƙabarta. In babu wani abu na musamman a tafiyar, "walk" ta wadatar, kuma babu abin kunya a cikinta.

Ga ɗan gwaji kafin ka rufe shafin. Nemo wa kowace jimla aikatau ɗaya na Turanci: ta fita fuu, ya fice sum-sum, yana ta safa da marwa a ƙofar ofis, sun dawo daga gona tinƙis-tinƙis, ya miƙe yana tangal-tangal. Amsoshin duk suna sama. Wanda ya ci biyar ya tura wa abokinsa, mu ga ko shi ma zai ci.